Ba Fushi Ba Ne, Man Kwakwa Ne

Baban yara,

Na wuce aiki, ban so in tashe ka ba.

Ɗazu da ka dawo daga aikin dare ka tambaye ni ko Mama ta dawo wurinmu da zama, ka ji na yi gum, sai ka ɓata rai ka shige ɗaki. Wallahi ba fushi ba ne! Man kwakwa ne cike da bakina, ina kurkure haƙora kamar kullum, kuma ba a haɗiye shi. Kai kuma, sarkin gajen haƙuri, ba ka jira na tofar ba.

Ka yi haƙuri. In ka tashi ka kira ta, ka ce ta haɗa kayanta. Tun da ƙafarta ta fara ciwo nake jiran ka yi maganar nan.

Maman yara