Ƙwayoyin da Na Ɓare Kamar Gyaɗa

Daren Laraba, Gabukka

Barci ya ƙi zuwa, kuma ni na jawo wa kaina.

Makon jiya na zauna na ɓare ƙwayoyin hawan jinina daga ledarsu mai ƙyalli, yadda nake ɓare gyaɗa, na zuba a gwangwanin alewa. Yatsuna sun gaji da matse-matsen kullum. Da na ga abin ya yi kyau, sai na haɗa har da na ciwon sukarin maigidana Malam, wai in hutar da shi. Duka farare ne ƙanana.

Yau da la'asar jikana Sadiƙu ya biyo daga kemis ɗinsu na Bolari. Na miƙa masa gwangwanin na ce, "Angona, ka ga dabarar matarka?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kaka, sunan magani da ranar lalacewarsa a bayan ledar suke, ita ce kuma ke tsare shi daga iska da laima. Wanne kike ba Malam?" Na ce ai na gane, mai tsaga a tsakiya nawa ne. Ya zube su a tafin hannunsa. Duka da tsaga.

Ya tafi da gwangwanin. Gobe da sassafe zai kai mu asibiti a auna mu. Malam ya ce lafiyarsa ƙalau, amma kwana biyu yana kukan jiri, ni kuwa ina ce masa raki.

Tun aurenmu nake tsokanarsa kan minsharinsa. Yau sau uku ina tashi in kasa kunne, Allah Ya sa in ji shi.