Jijiyar Wuyana da Ta Yaya

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Sakamako ya fito. Dakta Vida ta goga min wani abu mai sanyi a wuya, ta nuna min a allo: bangon jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ya yi kauri. Sikari ya hau, kitse ya yi yawa a jini, ga kuma alamar kumburi a ciki wanda ba ya ciwo. Wai su ukun ne suke haɗa kai suna cin jijiyar a hankali. Na ce mata ni lafiyata ƙalau. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Masta, wannan ciwo ba ya sallama. Kana da brother? Kawo shi, abin yana bin gida."

Alhamis, 8 ga Mayu
Ban faɗa wa Yaya Abdul-Mutalib ba. Shekara arba'in muna cin tuwo a kwano ɗaya a ƙofar gidanmu na unguwar Tishigu. Ta ina zan fara? In ce masa matarsa ta daina zuba man kaɗe da kitse? Ni ƙane?

Asabar, 17 ga Mayu
Na ce masa azumin nafila nake yawan yi. Matata Zaratu tana dafa min nawa a ɗaka, miyar ayoyo, wato lalo, babu gishirin kirki, ina ci kamar ɓarawo. Yaya ya yi dariya har tumbinsa yana rawa: "Tsufa ya zo, Irfan ya zama waliyyi!" Na taya shi dariyar. Kunya ce kawai, na sani.

Asabar, 7 ga Yuni
Naman layya. Ya zaɓo min wurin mai kitse da hannunsa, kamar yadda yake yi tun ina ƙarami. Na ci. Shi ya ci ninki uku. Bayan Sallah zan gaya masa, in sha Allah.

Alhamis, 19 ga Yuni
Yaya ya faɗi a kan keken ɗinkinsa da hantsi.

Juma'a, 20 ga Yuni
Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Likitan da ya duba shi ya ce jijiyar wuyan ta daɗe tana toshewa, da an gani da wuri da an tare. Ina tsaye. Takardata tana cikin aljihun rigata, mako shida ke nan.

Lahadi, 6 ga Yuli
An dawo da shi gida. Magana ba ta fita, sai ido. Ina yi masa aski na gaya masa komai, har maganar Dakta Vida. Ya daɗe yana kallona. Ban san ko ya yafe ba, ban san ma ko ya gane ba. Hawayena ya ɗiga a kansa, na goge da hannun riga.

Litinin, 14 ga Yuli
Na je unguwar Kanvili wurin Yaya Ayisha, babbarmu, na ce ta zo a duba jijiyar wuyanta. Ta ce ita ba inda za ta, Allah ke tsarewa. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ta ɗauki mayafi ta hau bayan babur. Har muka isa asibiti ban ba ta haƙuri ba.