Matar Gado Na Tara

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mun gama jarrabawar ƙarshe, an raba mana takardar zaɓen inda kowa ke son aiki. Rabin ajinmu ɗakin tiyata suka rubuta, sauran kuma kowa na neman hanyar ƙasar waje. Ni sashen masu taɓin hankali na rubuta. Kar ki gaya wa Baba tukuna.

Ƙanwarki, Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, kanki ɗaya kuwa? Sau uku na karanta wasiƙarki. Ke da tun kina firamare kike cewa ungozoma za ki zama, don kada wata uwa ta mutu wajen haihuwa kamar Umma? Kawu ya riga ya yi miki magana a asibitin haihuwa na abokinsa. Shekara uku kina karatun nas don ki ƙare da bin mahaukata da allura? Idan wani ne ya zuga ki, ki je ki karɓo takardar nan tun kafin a sa mata hannu.

Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki. Ba wanda ya zuga ni. A zangon ƙarshe an tura mu sashen, sati shida. A ɗakin mata akwai wata a gado na tara, ta fi kowa daɗewa. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Kullum tana ninke zannuwan gado, ta jera su ras. Ranar da na je auna jininta ta riƙe hannuna tana kallona, har na tsargu. Babbar nas ta yi dariya ta ce, “Ku biyun nan kamar an tsaga kara.”

Da rana na buɗe katinta. An kawo ta kwana goma sha ɗaya bayan ta haihu, hankalinta ya gushe. Na lissafa baya, ranar da ta haihu ita ce ranar haihuwata. A ƙasa ga sunan Baba, ga sa hannunsa da na sani tun a katin makaranta. Sai da na zauna a ƙasa.

Babbar nas ta ce shekara goma sha biyar ke nan da likita ya rubuta za ta iya komawa gida da magani. Ba wanda ya zo.

Yaya, wa kuka binne?

Auta

Auta,

Allah ya sa wannan ta same ki lafiya. Sati biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ba a binne kowa ba. Ina da shekara tara, ni na tarar da Umma a bakin randa, tana shirin tsoma ki a ciki wai kina cin wuta. Ihuna ya tara mutane. Baba ya kai ta asibitin, ya kwashe mu muka bar unguwar, ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Wallahi ban san likita ya sallame ta ba. Na ɗauka har yau a ɗaure take.

Jiya na ajiye wa Baba wasiƙarki a kan tabarmarsa. Bai fito cin abinci ba.

Ki yafe mini. Tana tambayata?

Yayarki

Auta,

Ina gaishe ki. Na ga wasiƙar da kika rubuta wa yayarki. Na ce wa kawunki ya ba wata gurbin asibitin haihuwar.

Ki tambayar mini babbar nas ɗinku ranar da ake barin baƙi su shiga, da ƙarfe nawa. Ki kuma tambayi mahaifiyarki ko ta yarda in zo. Idan ta ce a'a, ki rubuto mini a'a ɗin yadda ta faɗe shi.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki