Tabon Hannun Baba Mai Guga

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin tarin, har ta koma yi mini faɗa.

Yaya, gyara zama kafin ki ci gaba. Wayar nan da kika bar mini, wadda kika ce ta kira ce ba ta wasa ba, ta shigar da ni gasa! Gasar ɗaukar hoto ce a intanet, kan hannu mai aiki, kuma wanda ya zo na ɗaya kyamara za a ba shi, irin mai dogon bakin nan. Ƙa'idojinsu goma sha huɗu ne. Kin san karatuna tafiyar hawainiya yake yi, sai da na kwana uku ina bin su da yatsa, na kwafe su a bayan kwalin sabulu. Dole kai ka ɗauki hoton da hannunka. Dole wanda ke ciki ya yarda. Kana iya ƙara haske ko ka rage gefe, amma ba ka cire komai, ba ka ƙara komai. Ko ƙuda ne ya sauka, sai ka bar shi.

Baba Mai Guga na ɗauka, maigidana a shagon wanki. Akwai wata 'yar huda a kwanon rufinmu. Wajen ƙarfe tara rana kan shigo ta nan miƙe kamar sanda, ta sauka kan teburin guga, ba ta minti biyar ta wuce. In Baba ya yayyafa ruwa ya ɗora dutsen guga daidai lokacin, sai tururin ya hau cikin hasken yana murɗawa. Safiya goma sha ɗaya ina dako. Yau hadari, gobe mai kaya ya tare ƙofa, jibi Baba ya tsaya ya washe baki kamar ango. Ya ce da ina lura da wuyan rigunan mutane yadda nake gadin hudar nan, da tuni ya bar mini shagon. Rana ta sha ɗaya ya manta da ni, na danna.

Wayata ta ƙi ɗora shi a shafin gasar, sai ta kai rabi ta tsaya. Na kai wa Mai Studiyo na gefenmu, na bar masa hoton a kwamfuta na koma bakin aiki, shi ya tura musu a madadina. Mutumin kirki ne wallahi.

Ki taya ni addu'a, ki shafa mini kan 'yan biyu.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan duka. Na ji an ce ƙaramar ta fara haƙori, Allah ya sa ta yi a sauƙaƙe.

Yaya, cikin hotuna dubu uku da 'yan kai, nawa ya shiga ashirin na ƙarshe! Saƙon ya same ni ina matse zanin gado, ban san sanda na sake shi ya koma cikin baho ba. Inna ta bi maƙwabta gida-gida tana cewa gidan talabijin sun ɗauke ni aiki, na gaji da gyara mata na ƙyale ta.

Sai dai akwai magana. Sun ce kowa ya aiko da asalin hotonsa, yadda ya fito daga waya, kafin Juma'a. Jiya na buɗe shafinsu a kwamfutar Mai Studiyo don in ga nawa da girma. Kowa na yabo, ni kuwa na ƙura wa hannun Baba ido. Kin tuna tabon ƙunar da ke hannun Baba na dama, tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa? Babu shi. Hannun sumul kamar na jariri. Hudar singiletinsa ma an toshe ta.

Mai Studiyo ko a jikinsa. Ya ce shekara ashirin da biyar yana sana'ar nan, ba wanda ya taɓa fita shagonsa da tabo ko ƙurji, balle dattijon da duniya za ta kalla. Ba da mugunta ya yi ba, Yaya, hannunsa ne ya saba, kamar yadda ni ba na iya ganin riga a yamutse in wuce. Da na nuna masa kwalin sabulun sai ya ce, "Haba Auta, wa ya gani? Kawo in sarrafa shi ya zama kamar na asali, ko aljani ba zai gane ba." Baba kuma da na zata zai goya mini baya, ashe gyararren ya fi so! Wai shekara talatin yana neman mai raba shi da tabon nan, sai ga shi an cire ba allura ba magani. Har ya sa an wanke masa guda ya kai wa matarsa, ta tambaye shi ina ya samo ƙane.

Ni kaɗai ke gefe guda. Ina son kyamarar nan, Yaya, har na san ƙusar da zan rataye ta. Amma mutum sha tara kowa ya yi nasa dakon, kuma akwai wani na ashirin da ɗaya can da na zauna masa kan kujera bai sani ba. Saura kwana biyu.

Ki gaida maigidanki.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaida ki da kyau, da fatan wannan za ta same ku lafiya. Na gode da kiran da kika yi. Ba ki ce mini yi ko bari ba, kuma na gane.

Na aika musu na gaskiyar, da tabonsa da hudarsa, na rubuta yadda aka yi. Layi shida ne, sun ci mini rabin yini. Bayan kwana biyu suka amsa cewa sun cire ni, don ƙa'ida ba ta tambayar hannun wa ya yi gyaran. Ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini ciwo. Ranar wando ɗaya na goge sau biyu ban sani ba, Baba ya gani ya ƙyale ni, kin kuwa san bakinsa.

To, ji sauran! Shugabar alƙalan gasar da kanta ta rubuto mini. Ta ce su biyar suka duba hoton, ba wanda ya ga gyaran. Ta ce mai tabon ya fi ɗayan nesa ba kusa ba, don a tabon aikin yake. Ta roƙi izini su sa guda biyun gefe da gefe a shafin ƙa'idojinsu, duk mai shiga gasa ya gani. Baba ya ja rai yini guda, sannan ya yarda, da sharaɗin a fara sa na samartakar. Yanzu haka suna can, Yaya, da sunan ƙaninki a ƙasa, an rubuta mai ɗaukar hoto! Na buɗe shi ya fi sau talatin.

Mai Studiyo kuwa ya fi kowa murna. Ya manna su a ƙofar shagonsa, duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi: "Alƙalai biyar, malam, biyar! Ba su gane hannuna ba!" Na ce masa ai a matsayin abin da aka hana suka sa shi. Ya ce talla talla ce.

Wata mata ce ta ci kyamarar, da hoton mahaifiyarta a kan keken ɗinki. Na zauna a studiyo na ƙara girmansa har ya cika allon, na bi shi lungu-lungu kamar mai neman ɗigon mai a farar riga. Akwai wani tsagaggen bokiti a bayan kujerar tsohuwar, ya ɓata gefen hoton sarai, kuma ta bar shi a wurin. Na rubuta mata barka a ƙasa.

Inna na gaishe ki. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta