Na kashe wa kakata kajin gado, saura 'yan tsaki uku

Assalamu alaikum 'yan group. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma kar wanda ya ce min in yi haƙuri, ba haƙuri na zo nema ba, ni na yi laifin.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Wagini. Kakata, Iya muke ce mata, tana da wasu kaji gajerun ƙafa masu ruwan toka. Ta ce kakarta ce ta zo da uwarsu a kwando daga wajen Safana ranar da aka kawo ta gidan miji, tun Turawa ba su shigo Katsina ba, kuma tun daga nan irin bai yanke ba. Duk mace a danginmu in ta haihu sai a ba ta ɗaya. Sauran dangi duk sun sayar da nasu da suka koma gari, na Iya ne kaɗai suka rage. Dokarta guda ce, kazar kasuwa ba ta shiga akurki sai ta yi kwanaki a ɗaure bayan rumbu an ga lafiyarta. Ni kuwa kullum ce mata nake camfi ne na tsofaffi.

To an kai Iya Katsina aikin ido, ta bar min kaza ɗaya tilo da ta rage mata da 'yan tsakinta sabbin ƙyanƙyasa. Ta tsallake kowa ta ba ni, wai ni ce mai boko, zan fi kula. Ranar kasuwar Batsari na ga 'yan tsakin agirik da araha, na ce bari in fara nawa kiwon, na saya na dawo na juye su cikin na Iya kai tsaye. Ummata ta yi magana, na ce mata tsako ai tsako ne, wa zai tsaya ɗaure ɗan tsako.

Nawa suka fara gyangyaɗi suka mutu. Sai kazar Iya ta bi, sai 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Yanzu uku suka rage, suna sakin fiffike, farin kashi na manne musu a baya. Na kwaso su a kwali na kai ɗakina, ina sa garwashi a kasko nesa da su don ɗumi, ina goge musu baya da ruwan ɗumi, ina ɗiga musu maganin da mai maganin dabbobi ya ba ni. Shi ma cewa ya yi in dai gwada. Biyu suna ɗan tsattsagar ɓarzajjen gero, ɗayan ko ido ba ya buɗewa sai na taɓa shi.

Jiya muka yi faɗa da Umma. Ita wai in Iya ta dawo a ce shirwa ce ta kwashe, ko a nemo masu kama da su a ruga a zuba, tsohuwa mai ciwon ido ba za ta gane ba, kuma likita ya ce kar a tayar mata da hankali. Na ce Iya da ke gane kazarta da kuka ne za a yi wa haka? Umma ta ce to in je in faɗa mata jininta ya hau, in ɗauki alhaki biyu. Ga yayata cikinta ya tsufa, Iya ta riga ta zaɓar mata tsako, kuma shi ne wannan da ba ya buɗe ido.

Ni ma ban fi Umma gaskiya ba, don duk kiran da Iya ta yi sai na ce suna nan lafiya. Ɗazu ta kira tana dariya, ta ce ƙawata jibi za a cire bandeji a sallame ni, ki tare ni da su a zaure, su nake so in fara gani da sabon idon nan. Na ce to Iya.

Masu kiwo, me zan ƙara yi wa ukun nan su tashi? Kuma in kira ta yau in faɗa mata, ko in bari ta iso zaure ta ƙirga da kanta?