Kalmar da Ta Raba Ni da Dako

Masar, 1943

Zuwa ga Baba Malam Mode,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da Kulu? Yaya albasarmu ta Wurno? Lafiyata lau, ciwon kafaɗa na dakon kayan soja ya yi sauƙi.

Albishirinka! Sajenmu Bature kowace yarinya "bint" yake ce mata, wai zaurancen sojan Ingila ne. Nic ce, "Ranka shi daɗe, Larabci kunka ara, ɗiya ke nan. Wurin babana nik karanta." Yak kirawo wani Balarabe, shi ko yab ba ni gaskiya. Saje yai dariya, yac ce, "To, mi kake yi da buhu?"

Yanzu ni ne tafinta. Baba, bulalar da nis sha wurin karatu ta biya. Allah shi saka maka.

Ɗanka,
Zayyanu