Na Fitar da Gwaggo daga Ɗakinta

Kawu, don Allah ka taimake ni da shawara, na yi ɓarnar da na kasa gaya wa kowa a gidanmu. Baba yana da shagon sassaƙa sunaye a kan allunan ƙofa, kuma wata tsohuwar kwamfuta ce ke tuƙa injin sassaƙar. Ta girme ni, shi ya sa tun muna yara muke ce mata Gwaggo. Wata uku ke nan da Baba ya karye a ƙugu, ni nake riƙe da shagon. Ranar da ya miƙo mini makulli abu ɗaya ya ja mini kunne a kai, kada in buɗe cikin Gwaggo.

To ni da na yi karatun kwamfuta, sai na ga tsoron tsofaffi ne kawai. Kafin ta tashi da safe sai na share shago na goge tebur, tana nan tana nishi. Na sayo sabon madabod, wato babban allon da komai ke hawa kansa, da niyyar in ba Baba mamaki. Tsohon kuma na ba mai sayen tarkace, har ina jin na rage datti.

Da na zo saka katin da ke haɗa kwamfutar da injin, sai ya ƙi shiga. A tsohon allon, cikin wani dogon baƙin rami yake zaune. Sabon kuwa fararen ramuka ne gajeru, sai guda ɗaya ruwan ƙasa. Na juya shi ta ko'ina. Kawu, har magagari na ɗauko zan rage bakinsa, na goga sau ɗaya na ajiye.

Yau kwana tara injin bai motsa ba. Kullum na koma gida Baba sai ya tambayi lafiyar Gwaggo kafin tawa, ni kuma in ce tana gaishe shi. Ya yi dariya, ni in shige ɗaki in yi kuka. Ina tsoron kada ya daina yarda da ni. In gaya masa, ko in yi shiru har in gyara?

Ɗiyar Mai Injin

Ɗiyata, da farko ki mayar da magagarin nan inda kika ɗauko shi. Baƙin ramin sunansa ISA, fararen su ne PCI, na ruwan ƙasan kuma AGP, wanda katin hoto kaɗai ke shiga. Bambancinsu ya wuce tsawo. Layin haƙoransu daban, saurinsu daban, yadda suke magana da allon ma daban. Ko kin rage katin ya shige, ƙonewa zai yi. Ki duba inda kika goga, in ba ki ci haƙoran masu ruwan zinariya ba, mai yiwuwa lafiyarsa lau.

Kin yi kuskure, don an hana ki kin yi. Amma niyyarki mai kyau ce, kuma Baba ma da nasa laifin, da ya faɗa miki dalili maimakon hani kawai da ba a zo nan ba. Ki nemi mai tarkacen nan gobe. In allon ya tafi, ki zaga wurin tsofaffin masu gyara da katin a hannu, ki ce mai baƙin rami kike nema. Har yanzu ana samu.

Sai dai ko kin samo, ba za ki gama ke kaɗai ba. Irin waɗannan katunan ba sa daidaita kansu kamar na PCI. Da hannu ake saita su, da wasu 'yan ƙananan maɓallai, kuma wanda ya san saitin Gwaggo yana kwance a gidanku. Zai yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki sha. Amma mutumin da ya yi wata uku yana jin shagonsa na tafiya lafiya ba tare da shi ba, ban san maganin da zai kai masa jin cewa ana bukatarsa ba. Ki ɗora masa katin a tafin hannu, ki ce Baba koya mini.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa da ƙafarsa zai je ya tashi Gwaggo.

Kawu